Wa Ya Ce Muryar Ta Kauce?



Duk wanda ya shiga adaidaita-sahu a Kano, ko ya zauna teburin mai shayi a Kaduna ko Damagaram, ya san muryar da za mu tattauna a kanta yau. Siririya ce, sumul, da ɗan amon ƙarfe a bakin kowace gaɓa. In za ta hau sama ba ta bin hanya a hankali, tsalle take yi. Jama'a na cewa muryar kwamfuta, masu situdiyo kuwa suna kiran abin da sunansa, Auto-Tune. An ƙera wannan manhaja ce don ta gyara muryar mawaƙi idan ta kauce. To, kaucewa daga ina? Wa ya shata layin da ake cewa murya ta sauka daga kansa? Kafin mu yabi na'urar ko mu kushe ta, ya kamata mu san amsar wannan.

Bari mu fara da kunnen kansa. Sauti girgizar iska ne. Idan mai gurmi ya taɓa tsarkiya, sai ta yi ta karkarwa tana tura iskar da ke kewaye da ita, har iskar ta zo ta bugi fatar dodon kunne. In karkarwar na da sauri, mu ji sauti siriri. In tana da nawa, mu ji mai kauri. Masana na ƙirga ta da ma'aunin da aka sa wa sunan Bajamushen nan Heinrich Hertz: karkarwa 100 a daƙiƙa guda, Hertz 100 ke nan. Kunnen yaro lafiyayye na ji tun daga wajen 20 har zuwa 20,000, tsufa kuma yana cinye na saman sannu a hankali. Muryar namiji baligi a hira tana yawo tsakanin 85 da 180, ta mace kuma tsakanin 165 da 255.

A can cikin kunne akwai wani naɗaɗɗen bututu cike da ruwa, da wata shimfiɗaɗɗiyar fata mai ɗauke da dubban ƙananan gashi. Siririn sauti yana motsa fatar a kusa da bakin bututun, mai kauri kuwa sai ya kutsa can ciki. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Georg von Békésy, shi ya nuna yadda wannan ke faruwa, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1961.

Amma kunne ɗan aike ne kawai, hukuncin yana hannun ƙwaƙwalwa. Ga hujja. Layin tarho na da, da kiran waya na yau da kullum, suna wucewa ne da sautin da ke tsakanin Hertz 300 da 3,400, sauran duk a zubar. Ke nan idan kawunka mai kakkaurar murya ya kira ka, tushen muryarsa, wanda ke wajen 100, bai iso kunnenka ba sam. Duk da haka ka ji shi da kaurinsa, ba ka ɗauke shi yaro ba. Dalili shi ne murya ba ta tafiya ita kaɗai. Tare da 100 ɗin nan akwai 200, da 300, da 400, da 500, haka dai. Ƙwaƙwalwa na duba tazarar da ke tsakanin waɗanda suka iso, ta gano cewa 100 ce, sai ta maido maka da abin da wayar ta yar. Saboda haka jin hawa da saukar murya aiki ne na ƙwaƙwalwa, kuma duk abin da ƙwaƙwalwa ke yi, tarbiyya na iya lanƙwasa shi.

Mu Hausawa wannan tarbiyya tun a goye muke samunta, domin harshenmu mai karin sauti ne. Akwai karin sama, da karin ƙasa, da faɗau. Kukan jariri daban, kukar miya daban. Wuyan riga daban, shan wuya daban. Baƙaƙe da wasulan iri ɗaya ne, hawa da saukar murya ne kaɗai ke raba su, kuma yaro ɗan shekara uku ba ya ruɗewa. Bayan haka, jimlar Hausa takan fara a sama ta riƙa gangarowa har ƙarshe, ta yadda karin sama na ƙarshen dogon zance kan iya zama ƙasa da karin ƙasa na farkonsa. Bahaushe bai auna karin da wani tsayayyen ma'auni, yana auna kowace gaɓa ne da maƙwabciyarta. Shi ya sa kalangu ke magana. Makaɗi na matse igiyoyin da hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauko. Wanda ya san taken sai ya ji kalmomin ƙarara. Wata masaniya a Amurka, Diana Deutsch, ta gwada ɗaliban kiɗa a Beijin da takwarorinsu na Amurka, ta wallafa sakamakon a 2006. Ɗaliban da suka tashi da Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti, sun fi na Amurka nesa ba kusa ba wajen ambaton sunan sauti daga jinsa kawai. Harshen da mutum ya sha a nono yana gyara masa kunne.

Yanzu mu je ga layin da aka shata. Idan karkarwa ta ninka, a ce daga 220 zuwa 440, kunne kan ji kamar sauti ɗaya ne ya sake dawowa a sama, irin yadda namiji da mace ke rera waƙa ɗaya tare, kowa a muryarsa, ba tare da sun saɓa ba. Tsakanin ƙasan nan da saman nan gangare ne, ƙafa na iya tsayawa ko'ina. Abin da kiɗan Turai ya yi shi ne ya jingina tsani mai matakai 12 a kan gangaren, tazarar kowane mataki daidai da ta ɗan'uwansa. Wani yariman ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafin wannan rabo a 1584, wani masanin lissafi a Turai, Simon Stevin, shi ma ya kai ga irinsa a daidai wannan zamani. Sai da aka ɗau ƙarnuka kafin tsarin ya zama ruwan dare, kuma fiyano ne ya yi masa jagora, domin fiyano ba ya iya zamewa tsakanin sauti da sauti. Maɓallan da aka ba ka su ne iyakarka.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tsarin nan sulhu ne aka yi. A 1885 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya raba kowane mataki gida 100 don a ji daɗin awo. Da wannan ma'auni, sautuka biyu da karkarwarsu ke tafiya 3 bisa 2, waɗanda ke narkewa cikin juna sarai, tazararsu 702 ce, fiyano kuwa 700 yake bayarwa. Masu tafiya 5 bisa 4 tazararsu 386 ce, fiyano na ba da 400. Bambancin 14 ke nan, kuma horarren kunne na jin sa. Wato shi kansa alƙalin da ake kai ƙarar murya gabansa, da gangan aka ɗan karkatar da shi don a iya kaɗa kowace waƙa daga kowane maɓalli. Hatta wurin da tsanin zai tsaya, zama aka yi aka yanke. Faransa ta kafa doka a 1859 cewa sautin da ake saita kayan kiɗa da shi ya zama 435. Wani taro a Landan a 1939 ya tsayar da 440, hukumar ma'aunai ta duniya ta amince da haka a 1955. Yarjejeniya ce ta mutane, mai amfani ƙwarai, amma ba daga sama ta faɗo ba.

Sauran duniya kuwa kowa da nasa. Kiɗan Larabawa na da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano. Wanda ya saurari mawaƙiya Ummu Kulsum ya ji su. A babban taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, an yi ta muhawara a kan yadda za a raba matakan, da kuma ko fiyano ya dace da kiɗansu. Waƙoƙin Indiya da muka tashi da su, na su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, rabin daɗinsu na cikin yadda murya ke sulalewa daga wannan sauti zuwa wancan. A tsibirin Jaba na Indunusiya, kowace ƙungiyar makaɗan ƙarafa da irin saitinta. Mu ma a nan, goge ba shi da alamar inda za a danna, yatsa da kunne ne ke nemo wurin. Mai gurmi ko kuntigi yana ɗaure tsarkiya ne har ta yi daidai da muryarsa ta wannan rana. Mai ganga na shanya ta a rana ko ya kanga ta a wuta har fatar ta yi amon da yake so. Kayan kiɗa ke bin mawaƙi.

Daga nan sai labarin na'urar. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne Ba'amurke da ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon. Sana'arsa ita ce a aika girgiza cikin ƙasa, a naɗi amsa-kuwar da ta dawo, a yi lissafi a gano inda mai yake kwance. Shi kuma mabushin sarewa ne, ya kuma karanci kiɗa. Sai ya ga lissafin da ke gano maimaituwar girgiza a ƙarƙashin ƙasa zai iya gano saurin karkarwar murya. A 1997 kamfaninsa, Antares, ya fitar da Auto-Tune. Aikinta uku ne: ta auna inda murya take, ta duba mataki mafi kusa, ta ja muryar zuwa can. Akwai kuma wani maɓalli da ke faɗa mata saurin da za ta yi jan. In an sa ta ja a hankali, gyaran ba ya jiyuwa, kuma don haka aka yi ta: mawaƙi ya rera baiti da shauƙi amma gaɓa ɗaya ta zame, maimakon a sake ɗauka sau goma, a gyara gaɓar kawai.

A 1998 wasu masu haɗa kiɗa biyu a Ingila, Mark Taylor da Brian Rawling, suna aikin waƙar mawaƙiya Cher mai suna Believe, suka murɗa maɓallin nan zuwa sifiri, wato ja nan take. Sai muryar ta daina zamewa, ta koma tsalle daga mataki zuwa mataki. Waƙar ta mamaye duniya, su kuma da farko suka ɓoye sirrin, suka ce wata na'ura ce daban. Daga 2005 mawaƙi T-Pain ya mai da wannan amo tambarinsa, Kanye West ya cika kundinsa na 2008 da shi, a 2009 kuma Jay-Z ya saki waƙa yana shelar mutuwar Auto-Tune. Mujallar Time ta saka ta cikin munanan ƙirƙire-ƙirƙire 50 a 2010. Ba ta mutu ba. A 2023 masu ba da kyautar Grammy suka karrama Hildebrand. A gefe guda kuma wani kamfanin Jamus ya fito da Melodyne, wadda ke baje murya a fuskar kwamfuta gaɓa-gaɓa, injiniya ya kama kowace ya ɗaga ko ya sauke, ya ja ta ko ya gajarta. Yau da wuya ka ji waƙar kasuwa daga kowace ƙasa da ba a taɓa muryarta ba. Bambancin kawai, wani ya ɓoye, wani ya bayyana.

Lokacin da wannan manhaja ta iso mana, ta tarar an riga an share mata fage. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, ya zama shi ne gangar, shi ne sarewar, shi ne gogen waƙoƙin fim, al'amarin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce da dama a kai. Da zarar fiyano ya zama tushen kiɗa, tsari ya juye: yanzu mawaƙi ke bin kayan kiɗa. Da kwamfuta ta zo da manhajoji irin su FL Studio da Cubase, sai ya zama na'urar ce ke tabbatar da cewa ya bi ɗin, ko yana so ko ba ya so.

A yi adalci, alherin da wannan ya kawo ba kaɗan ba ne. A da, Alhaji Mamman Shata sai da ayarin makaɗan kalangu da 'yan amshi yake fita. Yau saurayi a Jos ko Maraɗi, da kwamfuta ɗaya da makirfo a ɗaki ciki ɗaya, zai haɗa waƙar da za a ji a Kumasi da Khartum kafin mako ya zagayo. Wanda Allah ya ba baiwar tsara baiti amma muryarsa ba ta da ƙarfi ya sami hanya. Kuma amon ƙarfen nan ba kullum ne rufin asiri ba. Da yawa suna son sa ne don kansa, kamar yadda mawaƙan Aljeriya da Maroko suka rungume shi saboda yadda yake fito da lanƙwasar murya fili. Shi T-Pain ɗin da aka yi ta zargi da rashin murya, a 2014 ya zauna a wani shirin gidan rediyon NPR ya rera ba tare da na'ura ba, masu zargin suka yi tsit. Masu situdiyo ma za su gaya maka: na'urar na gyara wurin da murya ta sauka, amma ba ta ba mutum numfashi, ba ta ba shi zaƙi, ba ta koya masa inda zai danna kalma.

Damuwata a wani wuri take. Idan aka sa na'ura ta ja kowace gaɓa zuwa mataki mafi kusa nan take, abin da take fara sharewa shi ne abin da ke tsakanin matakan. A nan kuwa dukiyarmu take. Karin faɗau zamewa ce daga sama zuwa ƙasa a gaɓa ɗaya. Gangarowar jimla zamewa ce. Ka saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, ka ji yadda baiti ke farawa can sama ya riƙa saukowa har 'yan amshi su karɓe. Ka saurari Ɗanmaraya Jos, ka ji yadda murya ke rataye tsakanin magana da rerawa. Ka saurari Barmani Coge, ka ji yadda take jan kalma ta sake ta. In ka ɗora waɗannan a kan manhajar a saitinta na kanti, za ta ga kurakurai birjik, ta gyara su tas, ta miƙo maka abin da ba Narambaɗa ba ne, ba kuma Barmani ba. Mawaƙan gargajiya galibi suna barin karin magana ya ja ragamar karin waƙa, shi ya sa ko tsohuwa a ƙauye ba ta rasa kalma ɗaya. A wasu waƙoƙin yanzu kuwa, an fara haɗa kiɗa, sannan a tura kalmomi ciki da ƙarfi, na'ura ta danne, har sai ka saurara sau biyu kafin ka gane Hausar.

Wani zai ce ai kunne ya san daɗi da kansa, ba ruwansa da abin da aka saba masa. Bincike bai goyi bayan haka ba. A 2016 Josh McDermott da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutanen Tsimane, mazauna dajin Amazon a Bolibiya, waɗanda kiɗan Turai bai cika isa gare su ba. An kunna musu haɗin sautukan da Turawa ke ji da daɗi, da waɗanda Turawa ke ji kamar karo. Sun ji bambancin, amma ba su fifita wani a kan wani ba. Mutanen biranen Bolibiya sun ɗan fifita, Amurkawa kuwa sun fifita sosai. Ashe da yawa daga abin da muke kira daɗin sauti sabo ne. Yaron da aka haifa bayan shekarar 2005, wanda tun yana zanin goyo muryar da ke fita daga wayar gidansu gyararriya ce, wane ma'auni zai riƙe? Ranar da ya ji goge ya ce bai saitu ba, ko ya ji Shata ya ce muryar na rawa, to an yi mana asarar da ba a gani a asusun banki. Alamar ta ma fara fitowa a wuraren biki, inda akan sa faifai mawaƙi yana motsa baki, domin jama'a sun saba da muryar da maƙogwaro ba ya iya fitarwa. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta iso, wadda a 2023 aka yi amfani da ita aka fitar da waƙa da muryoyin mawaƙa Drake da The Weeknd ba tare da sun buɗe baki ba.

To mene ne abin yi? Hana amfani da na'ura ba zai yiwu ba, ba kuma shi ake nema ba. Magana ta farko ga masu haɗa kiɗa ce. Manhajar nan tana da saituka da yawa: ana rage saurin janta, ana cire wasu matakai, ana barin wata gaɓa ba a taɓa ba, har tsarin Larabawa akwai a ciki. Kamfanonin fiyano ma sun daɗe suna ƙera na musamman masu maɓallan rabin mataki, saboda makaɗan Masar da Turkiyya sun nace sai an ba su abin da ya dace da kunnensu. Injiniyan da ya bar komai yadda ya zo daga kanti, ya bar wani a wata nahiya ya yanke masa hukuncin yadda Hausa za ta rera. A gwada ɗaukar muryar tukuna, da kalangu ko gurmi na gaske, sannan a gina sauran kiɗan a kanta.

Ta biyu ga mawaƙa matasa. Ku riƙa rerawa ba na'ura, ku naɗa a waya, ku saurari kanku. Wanda zai iya tsayawa gaban jama'a da makirfo kawai, shi ne na'ura ke yi wa ado. Wanda ba zai iya ba, ranar da wuta ta ɗauke a filin taro zai gane matsayinsa.

Ta uku gare mu ne, ma'aikatan gidajen rediyo. Ɗakunan ajiyarmu a Kaduna, Kano, Sakkwato da Yamai cike suke da tsofaffin faya-fayai da kaset, wasu zafi da ƙura na cin su. A kwafe su zuwa kwamfuta yadda suke, ba tare da an yi musu kwaskwarimar murya ba, a kuma riƙa sa su a lokutan da matasa ke saurare, kada a jinkirta su sai tsakar dare. Sassan koyar da Hausa da kiɗa a jami'o'inmu kuma su auna ainihin saitin goge, da gurmi, da algaita, su rubuta, don mai haɗa kiɗa na gobe ya sami abin da zai shigar wa na'urarsa. Iyaye ma na da rawar takawa: yaron da ke jin tsohuwar waƙa da sabuwa a gida ɗaya zai tashi da kunne mai faɗi, ya ji daɗin kowace a muhallinta.